Sarƙar lefena ta fara koɗewa, ga bikin ƙanwata ya matso

Assalamu alaikum Anti. Wata 8 ke nan da aurena, a nan Kaduna muke zaune. A cikin lefena an sako saitin sarƙa da 'yan kunne da awarwaro 2. Ranar da aka kawo kaya, dangin maigidana suka ce wa iyayena mata gwal ne ɗan Dubai, har aka rangaɗa guɗa. Yayarsa ce ta haɗa lefen, shi kuɗi kawai ya tura mata. Ban cika sa su ba sai in za ni biki ko suna. To kwanan nan na lura bayan sarƙar, daidai inda take gogar wuya, ya fara koɗewa yana komawa ja-ja, 'yan kunnen kuma in na wuni da su sai kunnena ya yi ta ƙaiƙayi har da ruwa. Na nuna wa wata ƙawata mai sayar da kayan mata, tana ɗauka ta ce wannan ai GL ne, wato ƙarfe ne da aka yi wa ruwan gwal. Anti, tun ranar barcina ya ƙaura. Ban gaya wa maigidan ba, don Yayar nan kamar uwa take a wurinsa, ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Mama ma ban gaya mata ba, na san halinta, sai ta tara dangi. Ga bikin ƙanwata saura wata 2, kowa zai zuba ido ya ga na sa gwal ɗin lefena. Ƙarshen watan nan zan kwashi adashi, N700,000. Ina tunanin in je in sayi na gaske mai kama da shi in yi shiru da bakina, amma ban taɓa sayen gwal ba, ina tsoron a cuce ni sau biyu. Don Allah ki ba ni shawara.

Wata baiwar Allah, Kaduna

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sanya albarka a aurenku, ya kuma saka miki da alheri da kika iya riƙe bakinki har zuwa yanzu. Mata da yawa da tuni sun ɗauki hoton sarƙar sun watsa a gurup ɗin dangi. Na fahimci abin da ke hana ki barci. Guɗar nan da aka yi a gaban iyayenki mata ita ce take miki yawo a kunne, kina jin kamar an yi wasa da hankalinku gaba ɗaya. Duk wadda aka yi wa haka za ta ji zafi, kuma ba zan ce miki ba komai ba ne.

Amma kafin a ɗora wa kowa laifi, a fara tabbatar da abin da ke hannu. Ba zan ɓoye miki ba, alamun da kika faɗa sun fi karkata ga maganar ƙawarki. Gwal na gaske yana iya dushewa saboda datti, mai karat 18 ma wani lokaci yakan bar ɗan baƙi-baƙi a fata idan ya haɗu da gumi da hoda, amma ba ya saɓulewa wani launi ya leƙo daga ƙarƙashi. Ja-jan da kike gani jan ƙarfe ne ko tagulla da aka yi wa ruwan gwal a sama. Duk da haka idon ƙawa ba sikeli ba ne. Ki ɗauko sarƙar, ki kunna fitilar waya, ki duba jikin maƙullinta da cikin awarwaron, za ki ga wasu ƙananan lambobi. In kin ga 750, ana nufin karat 18 ke nan, wato kashi 75 cikin 100 zinari ne. 875 karat 21 ne, 916 kuma karat 22. In kuwa haruffa kika gani irin su GP ko GF ko GL, to masu ƙerawar da kansu sun faɗa miki ruwa aka yi masa. Sai dai kar ki saki jiki da lamba, masu jabu ma sun iya buga 750. Haka gwajin maganaɗisu da ake yawan faɗa: in ya ja sarƙar, magana ta ƙare, ba gwal ba ce, in bai ja ba, ba ki tabbatar da komai ba, don tagulla ma ba ya jan ta.

Gwaji na gaskiya yana wurin masu gwal. Ki shiga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da kayan a jaka, ki ce a gwada miki. Za su ɗora a sikeli, su goga gefen abin a kan wani baƙin dutse ya bar zane, su ɗiga ruwan asid a kan zanen. In zinari ne zanen zai tsaya, in ba shi ba ne zai narke ya ɓace kina kallo. Ki ce su ɗan kankare wani ɓoyayyen wuri kafin su goga, saboda akwai mai ruwa da kauri da yake tsallake gwajin sama-sama. Kowane ɗaya a gwada shi daban, sarƙa daban, 'yan kunne daban, awarwaro daban, don ana haɗa saiti da gauraye, wani na gaske wani na bogi. Kar a shige da kayanki ciki, a gabanki za a yi komai. Kuma ki je shago biyu da ba sa maƙwabtaka, ko nawa aka taya kar ki sayar a ranar.

To a ce an gwada, GL ne. Sai maganar Yaya. Na san zuciyarki ta riga ta yanke cewa ta karɓi kuɗin gwal ta sayo na bogi ta soke canji. Yana yiwuwa, ba yau aka fara ba. Amma ki tsaya ki duba yadda gwal ya yi tashin gwauron zabi a shekarun nan. A watan Maris na 2025 ne farashin oza ɗaya, wato giram 31.1, ya haura dala 3,000 a kasuwar duniya karon farko, kafin Oktoban shekarar ya wuce ya haura dala 4,000. Ga naira kuma, tun da aka bar kasuwa ta yanke farashinta a watan Yunin 2023, dalar da ake saye a hukumance ƙasa da N500 ta haura N1,500 a 2024. Namiji yakan tura kuɗi da lissafin abin da abokinsa ya kashe a nasa lefen shekara uku baya, ya ce a sa har da gwal, ita kuma mai haɗawa ta shiga kasuwa ta tarar kuɗin ko awarwaro ɗaya ba za su saya ba. Maimakon ta koma ta ce ƙanena kuɗinka ba su kai ba, sai ta rufa masa asiri ta hanyar da ba ta dace ba. Wata kuma ita kanta aka cuta: dillaliya ta kawo mata har gida, ta ce daga Dubai Hajiya ta sauko da shi, ta biya kuɗin gwal cur ba a ɗora a sikeli ba. Akwai ma abin da ba ki kawo a ranki ba, wataƙila maigidan naki ya sani, su biyun suka shirya a fita kunyar ranar kai lefe da niyyar a canza miki daga baya. Ba ki san wanne ne a ciki ba, ni ma daga wasiƙa ba zan yanke wa matar da ta yi rainon maraya hukuncin sata ba. Allah ya ce sashin zato zunubi ne.

Inda ba zan goyi bayanki ba shi ne shirun nan da kike son yi wa mijinki. Ki yi tunanin wata rana, Allah ya kiyaye, wata lalura ta taso, kuɗin asibiti ko na haya, ya ce ɗauko gwal ɗin nan mu sayar in Allah ya hore in mayar miki. A je kasuwa a ce GL ne. Wa kike jin za a fara kallo? Yaya za ta rantse gwal ta saya, kaya kuma sun yi shekara biyu ko uku a ɗakinki. Sai magana ta koma ke kika sayar kika musanya, ko kin ba 'yan gidanku. Kullum kika ƙara kwana da wannan sirrin, ƙara jawo zargin kike yi kanki. Don haka ki nemo hotuna da bidiyon ranar kai lefe tun yanzu, inda saitin ya fito sosai, ki adana su.

Yadda za ki faɗa masa shi ne abin lura. Kar sunan Yaya ya fito daga bakinki ko sau ɗaya. Ki bari ya ci abinci ya huta, ki ɗauko kayan ki nuna masa wurin da ya koɗe da kunnenki da ya yi ciwo, ki ce kina jin tsoron ko masu sayarwa sun cuce ku, kina so ya raka ki a gwada. Kin ga kin sa shi da Yayarsa da ke kanki a layi ɗaya, na waɗanda aka cuta. Ya fi kyau a yi gwajin yana tsaye, ya gani da idonsa, ko da ke kin riga kin je a ɓoye kin san amsa. Daga nan ki zuba masa ido. In ya sani tun farko, fuskarsa za ta nuna, sai ki ba shi hanyar fita ba tare da kin tsare shi da tambaya ba. In bai sani ba, shi ya san yadda zai tunkari 'yar uwarsa, in da rasit ko an san wadda ta kawo, su bi sawu. Ke dai gaisuwar da kike yi wa Yaya kar ta ragu, kwanon da kike aika mata kar ya tsaya.

Tambaya ɗaya zan yi miki: saitin nan an ambace shi a cikin sadaki? In an ambata, haƙƙinki ne na shari'a, bashi ne a kansa sai ya cika ko ki yafe da kanki. In kuwa cikin akwati kawai ya zo, to lefe al'ada ce, kyauta ce, za ki iya nuna rashin jin daɗinki, amma ban ga amfanin ki tsaya kai da fata sai an biya ba. In ya ce zai canza miki a hankali, ki karɓa da godiya. Mama kuwa, tunda kin san halinta ga kuma hidimar biki a kanta, ki bari a kai amarya a huta. Daga baya ki sanar da ita ke kaɗai, bayan kun riga kun daidaita da maigidan, yadda labarin zai zo mata a matsayin abin da ya wuce.

Yanzu ga adashinki. Dabarar sayen mai kama da shi ki cire ta a ranki, lissafi ma ba zai bari ba. Idan oza tana dala 4,000, giram ɗaya na tsantsar zinari ya kama wajen dala 128, na karat 21 wajen dala 112, na karat 18 wajen dala 96, tun kafin mai shago ya ɗora kuɗin aiki da ribarsa. Ki ninka da farashin dala na ranar da za ki shiga kasuwa, za ki ga N700,000 ba za ta kai ki giram 10 ba. Saiti irin wanda kika kwatanta, mai awarwaro 2, in na gaske ne ana maganar giram 30 ne ko fiye. Duk wanda ya ce zai ba ki irinsa a kuɗin da ke hannunki, GL na biyu zai sayar miki.

Abin da nake so ki raba a ranki shi ne gwal na ajiya da kayan ado na fita biki. Mu mata mukan cakuɗa su, shi ya sa ake cin kuɗinmu. Wanda za ki saya da adashi dukiya ce da za ki iya mayarwa kuɗi ranar buƙata, don haka da idon mai sayarwa za ki zaɓe shi. Tambayar farko a shago ita ce nawa giram yau, na 18 da na 21. Ta biyu, in na dawo da shi nawa za ku karɓi giram? Tazarar da ke tsakanin amsoshin nan biyu ita ce asarar da kika yi tun kafin ki fita daga shagon, kuma tana ƙaruwa ne da yawan aikin da ke jikin abin. Ki guji mai duwatsu. Ranar saye da su ake aunawa a kuɗin zinari, ranar sayarwa sai a ɓamɓare su a zubar a auna abin da ya rage. Ki yi hattara da manyan awarwaro masu cika ido amma ba nauyi, cikinsu rami ne, kina buga hannu a ƙofar mota sun lotsa, gyaransu kuma da wuya. Sarƙa siririya ƙwarai ita ma tana tsinkewa, balle in Allah ya kawo ƙaruwa yaro ya fara damƙa. Ki buɗe maƙulli ki rufe sau da yawa ki ji ƙarfinsa. Wanda ake kira ɗan Saudiyya galibi karat 21 ne, ya fi ɗorawa a launi, ya fi daraja a giram, amma ya fi taushi. Ɗan Italiya galibi 18 ne, ya fi ƙwari da jure sawa kullum. Sunan ƙasa dai ba ya ƙara wa zinari komai, karat da nauyi su ne kuɗi. A auna a gabanki sikeli yana kan sifiri, a rubuta miki rasit mai sunan shago da karat da giram da kwanan wata, ki ɗauki hotonsa a waya. Ki tafi da wata babba da ta saba saye, kuma kar ki sayi gwal daga hoton WhatsApp ko Instagram komai daɗin bakin mai tallar.

Da ni ce ke, 'yan kunne zan fara saya. Dalili kuwa kunnenki ne. Ƙaiƙayi da ruwan nan yawanci wani ƙarfe ne da ake kira nikel yake jawo su, ana yawan sa shi a kayan ruwan gwal, kuma fatar da ta fara ƙin sa ba ta cika komawa ta karɓe shi ba. Ki daina sa waɗancan daga yau, ki bar kunnen ya huta, in ya kumbura ko yana fitar da mugunya ki je asibiti. Barima ko ɗan madaidaicin zagaye na karat 21, giram 2 zuwa 3, zai zauna miki lafiya, ki kwana da shi ki tashi da shi. In kuɗi sun yi saura ki ƙara da zobe marar dutse. Zoben ki gwada shi da yamma, lokacin yatsa ya ɗan cika, kuma ki tuna da hunturun Kaduna yatsu kan saɓe, wanda ya yi miki daidai a zafin Afrilu yana iya zamewa wurin alwala a Disamba. Kar kuma ki juye adashin duka a kan gwal, ki ware na gudummawa da ɗinki.

Na biki kuwa, ki sayi GL ɗinki mai kyau da saninki, ki sa ki fita kanki a sama. Wallahi da za a bi hajiyoyin da ke cika wuraren biki a Unguwar Rimi da Malali da dutsen gwaji, da an sha mamaki. Da yawansu na gasken yana gida a kulle, saboda tsaro. Abin da ke tona asirin GL shi ne rawaya mai ihu da girman da ya wuce misali, a nan ne ake cewa araha ba ta ado. Ki zaɓi mai launi a kwance wanda zai tafi da 'yan kunnenki na gaske, ki kai su shagon ki kara su gefe da gefe. Sannan ki sayi sarƙa bayan kin karɓo ɗinki daga tela, don wuyan riga shi ke zaɓar sarƙa. In ankon leshi ne mai duwatsu da aiki a ƙirji, rigar ta riga ta yi magana, sarƙa siririya ko ma babu, sai ki bar 'yan kunne da awarwaro su yi aiki. In atamfa ce mai buɗaɗɗen wuya, a nan mai faɗi take zama daram. Mai inci 16 a gindin wuya take tsayawa, mai 18 ta ɗan sauko kan ƙashin wuya, doguwa kuma ta fi dacewa da abaya ko riga mai rufaffen wuya. Ki yi la'akari da ɗaurin ɗankwali da mayafi ma: masu dogon reto suna kama zaren mayafi, masu nauyi kuma su ne ke jan hujin kunne har ya tsage. Tsohon saitin naki ma bai mutu ba. Sarƙar da awarwaron ana iya sake musu ruwa su dawo sababbi, ki sa su ranar kamu ko wuni, masu zuba ido su ga abin da suka saba gani.

GL yana daɗewa ne in an san maƙiyansa, kuma maƙiyan nasa duk suna kan madubinki. Humra da turaren fesawa da man shafawa da gumi su ke cinye ruwan. Ki gama shafe-shafenki, ki gama tsuguno a kan kasko, jiki ya sha iska, sannan ki sa sarƙa a ƙarshe. In kin dawo ita za ki fara cirewa, ki goge da tsumma mai laushi, ki sa kowanne a 'yar ledarsa daban. Da damina, lokacin da komai na ɗaki ke yin danshi, ki jefa 'yan ƙullin nan masu tsotse laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi a akwatin sarƙoƙinki. Na gasken ruwan ɗumi da sabulu marar ƙarfi da tsohon buroshi mai laushi sun ishe shi. Amma ki cire zobe kafin ki taɓa Hypo ko Jik, sinadarin da ke cikinsu yana cin ƙarafan da aka gauraya da zinarin har ya yi rauni ya karye. Wasu mayukan bilicin kuma suna ɗauke da sinadarin makuri, wanda ke manne wa zinari ya mayar da shi fari-fari, ga illar da yake yi wa ƙoda.

A gidan biki kar ki cire zobe ki ajiye a bakin famfo ko kan taga, nan ne aka fi yin asara, kuma ba wanda za ki iya tuhuma a cikin dangi. A Keke Napep ko cikin kasuwa, komai ya koma ƙarƙashin hijabi. Aro kuma, tunda ke ce yayar amarya za a zo nema, ki ba da GL da fara'a, na gasken ki ce yana kunnenki. Zakka ba ta hau kanki ba tukuna, nisabin zinari wajen giram 85 ne, kuma a mazhabar Malikiyya wanda mace take sawa don ado ba a fitar masa, sai wanda aka ajiye a matsayin dukiya. In tarin ya yi yawa nan gaba sai ki tambayi malami.

Ki yi wa maigidan maganar a cikin makon nan, kafin adashin ya shigo hannunki, don kar ya ga sababbin 'yan kunne ya haɗa lissafin da ba shi ba. In kun dawo daga wurin masu gwal ki rubuto min abin da suka ce, musamman a kan awarwaron. Allah ya kai mu bikin ƙanwar taki lafiya, ya ba su zaman lafiya.